Kurangar Jirjis

A Apapa, bayan layin da tireloli ke kwana,
akwai gida mai katanga ruwan toka.
Nan na yi shekara goma sha bakwai ina kiwon
shukar da ba ta taɓa yarda da garin ba.

Jirjis, tsohon Kwara mai sayar da tayoyi,
shi ya zo da ita cikin jiƙaƙƙen tsumma,
sanda ce kawai, kamu ɗaya, mai ido uku.
Ya ce, "Tanimu, wannan ta girmi kakanka,
ta girmi wanda ya yi wa kakanka aski.
Sanso sunanta. A kan tudun garinmu
iyayenta kan yi barcin sanyi wata uku,
su farka da 'ya'ya baƙaƙe,
masu ja idan rana ta ratsa su."

Amma Ikko ba ta barin kowa barci.
Janareto na kuka, jirgin ruwa na kuka,
damina ta tafi da safe ta dawo da la'asar.
Kuranga ta haukace da ganye,
ta haye rumfa, ta kama wayar lantarki,
'ya'ya kuwa, in ta yi, fumfuna ta riga mu.
Na datse ta, na roƙe ta,
na zuba mata toka, har da kashin awaki
da na ɗauko a buhu daga Agege.

Daren Lahadi yakan buɗe kwalbar garinsu,
ya ɗaga kofi saitin fitila
kamar mai duba kuɗin jabu.
Bai taɓa miƙo mini ba, ban taɓa tambaya ba;
ya san inda buta ta take, na san inda coci yake.
Sai dai hanci ba shi da ƙofa:
na ji zoɓon da ya kwana,
na ji ɗinya, na ji sabuwar fatar jima,
na ji ƙasa ran da aka yi ruwan fari.
Shi kuma ya ce yana jin muryar uwarsa
tana kiran akuya daga gangare.

Shekara ta goma sha biyu, ruwa ya yi jinkiri.
Nono goma sha ɗaya suka nuna.
Na kwana da gwangwani ina korar jemagu,
suka ci huɗu duk da haka.
Bakwai ya matse da hannunsa cikin roba,
hannu na rawa, ja har gwiwa,
ya rufe a tulu, ya hana kowa taɓawa,
kullum ya kara kunne kamar mai jiran haihuwa.

Ran da ya buɗe, ya kurɓa,
fuskarsa ta tattare kamar bakin jaka.
Ya yi shiru. Sai dariya, har da tari, har da hawaye.
"Ta zama khal, Tanimu. Ta musulunta.
Ɗauki, kai wa matarka."
Wata biyar Lantana na ɗiga shi a kwaɗon kabeji,
yara na lashe kwano.

Ya rasu da azumin bara.
'Ya'yansa suka zo da lauya da tef ɗin awo,
yanzu wurin ajiyar kwantena ne, an zuba kankare.
Kafin katafila ta shigo na sa wuƙa,
na yanki kamu ɗaya, mai ido uku,
na naɗe a tsohuwar hulata, na jiƙa.

Tana bayan ɗakina cikin bokitin fenti.
Maƙwabta na tambaya ko magani ce.
Jiya ido ɗaya ya tsage,
ganye ya leƙo, ƙarami kamar kunnen ɓera,
yana kallon wayar lantarki.